Inci Ɗaya Daga Gefe

Autata tana karatun kwamfuta daga tsakar gida. Takan shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro, ta ɗora na'urarta a cinya, wani malami da ba ta taɓa gani ido da ido ba yana ta zuba mata bayani daga wata ƙasa. In ta gama aiki sai ta danna abu ɗaya ya tafi, kafin uwarta ta sauke tukunya an duba an maido mata. Ta ce in ta kammala za ta iya yi wa kamfani aiki ba tare da ta taka tashar mota ba. Ranar da ta zauna tana yi mini bayanin yadda ake karatu daga nesa, a hankali kamar mai koya wa baƙauye hawan bene, na ƙyale ta ta gama, sannan na ce mata ni ma na yi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ɗan ji haushi, don kuwa na yi ɗin.

A shekarun casa'in ne, bayan an kwaso ma'aikatu an kawo Abuja. Ni ma aka kwaso ni daga Kaduna, da matata da yara biyu. Gidajen Abuja ba na irinmu ba ne, sai muka kama ciki da falo a unguwar Kwamba ta Suleja, a wani gidan haya mai ƙofa tara da rijiya ɗaya. Kullum da sassafe ina bakin titi ina jiran bas ɗin ma'aikata, mu wuce Madalla da Dutsen Zuma a cushe, wani na gyangyaɗi a kafaɗar wani. Da an tashi aiki bas ɗin yake juyowa, kuma ba ya jiran kowa.

Aikina buga takardu da tafireta. An ce yabon kai jahilci, to a bar ni in yi jahilcin sau ɗaya: a ɗakinmu na masu buga takardu, mu bakwai, babu wanda yake kamo ni. Ba na kallon yatsuna, ba na ɓata kabon, kuma wasiƙata ba ta dawowa da jan biro. Wanda ya koya mini aiki wani tsohon babban akawu ne a Kaduna, mai furfura har cikin kunne, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Doka ɗaya ya fi riƙewa. Duk takardar da za ta fita daga ofis tare da 'yar rakiya, a haɗa su a huda, inci ɗaya daga sama, inci ɗaya daga gefe, a zura koren zaren fayil a ɗaure. Yakan ce abin da ba a ɗaure ba, ba a aika shi ba. Sau ɗaya ina sabon shiga na tura wasiƙa da wata 'yar takarda a sake, ta faɗi a hanya. Ya tsayar da ni gaban teburinsa tun hantsi har azahar bai ce mini uffan ba, yana ta aikinsa. Daga ranar dokar ta bar kaina ta koma hannuna.

Wata rana aka shigo da kwamfuta ma'aikatarmu. Guda ɗaya tak, aka kai ta ɗakin sakatariyar darakta, aka kunna mata sanyi, aka ɗinka mata riga. Mu da muke da jini a jika fanka ɗaya muke rabawa, ita kuwa ko takalmi ba a shiga da shi inda take. Ba a jima ba sai ga takardar sanarwa, kuma ni da kaina na buga ta. Ta ce duk mai buga takardu ya kawo satifiket na kwamfuta kafin ƙarshen shekara. Wanda ya kawo za a ɗaga shi ya zama mai sarrafa kwamfuta. Wanda bai kawo ba, za a duba inda ya dace da shi. Na buga wannan layin ba kuskure ko ɗaya, amma kowa ya san inda ake kai wanda aka ce za a duba masa wuri.

Akwai masu koyarwa da yamma a cikin Abuja, amma wanda ya tsaya aji ya rasa bas, wanda ya rasa bas kuma sai Allah. Samarin ɗakinmu biyu da suke kwana a ɗakin 'yan'uwa cikin gari suka yi rajista. Ni mai iyali a Kwamba na rasa yadda zan yi, sai wani abokin zama a bas ya nuna mini talla a jarida. Wata makaranta ce a Legas da take koyar da ilimin kwamfuta ta gidan waya. Su aiko maka darasi, ka karanta, ka amsa tambayoyi ka mayar, a ƙarshe ka yi jarrabawa su aiko maka da satifiket. Na cike fom a ranar, a kan gwiwata, bas na tsalle.

Darussan suka riƙa zuwa a ambulan mai ruwan ƙasa, ɗan littafi ɗaya bayan ɗaya. A bangon baya na kowanne an jera ayyukan da mai wannan ilimi zai iya samu: mai shigar da bayanai, mai kula da na'urorin banki, mai rubuta wa kwamfuta umarni, har da mai koyarwa. Wannan bangon na fi karantawa. Da farko kujerata kawai nake son tsarewa, amma kafin littafi na huɗu na fara hango kaina a banki da taye. Matata ta lura, ta raɗa mini suna Injiniya. In ta kawo tuwo sai ta ce, "Injiniya, a taimaka a sarrafa wannan kafin ya huce."

Matsalar ɗaya ce, kuma ita ce duka. Ina karatun kwamfuta ban taɓa taɓa kwamfuta ba. Sai na yi abin da na sani tun makarantar allo, wato hadda. Bayan la'asar ran Asabar da Lahadi, matata ta riƙe littafi, ni in rufe ido in karanto. Ta yi firamare, Turancinta ya isa ta kama ni in na tsallake layi, kuma ba ta yafiya. Ranar da na karanto mata cewa na'urar ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, ta ajiye littafin ta dube ni.

"Malam, wannan ce mai wayon da za ta raba ka da aiki? Ƙirgarta ba ta wuce ɗaya ba?"

Na kuma samo kwalin madara na yanke, na zana madannan kwamfuta a kai kamar yadda suke a littafi, har da waɗanda tafireta ba ta da su. In zauna a ƙofar ɗaki ina danna kwali. Telan da yake ɗaki na kusa da mu, Bazazzage mai bakin tsiya, duk ya wuce sai ya tsaya.

"Oga, don Allah kunna mana mu ga labaran ƙarfe bakwai."

Ina dariya da shi, amma abin yana ci mini rai. Mutum da 'ya'yansa, ya iya aikinsa, ya koma wasa da kwali. Sau biyu ina roƙon sakatariyar darakta ta bar ni in zauna gaban tata ko na minti goma lokacin cin abinci. Mutuniyar kirki ce, amma amsarta ɗaya, Oga ya hana. Iyakar abin da na samu shi ne tsayuwa a bakin ƙofa ina leƙe in na kawo mata fayil.

Amsoshina kuwa suna dawowa daga Legas da maki mai kyau. Na gama littafi goma sha biyu. Sai ga ƙunshin jarrabawa ya iso, kuma a ciki na fara riƙe faifan kwamfuta. Baƙin abu ne mai kusurwa huɗu, ya ɗan fi tafin hannu, siriri kamar bangon littafi, da rami a tsakiya. Tambayoyin suna cikinsa. Za ka sa shi a kwamfuta, ka yi aikin, ka adana a cikinsa, ka mayar musu da shi. A jikin rigarsa ta takarda an rubuta gargaɗi huɗu: kada a lanƙwasa, kada a bar shi a rana, kada a kai shi kusa da maganaɗisu, kada a taɓa inda ya buɗe da yatsa. Na haddace su kamar sauran. Matata ta naɗe shi a sabon ɗankwalinta ta sa a ƙasan akwati, ta fitar da rediyo daga ɗakin gaba ɗaya don na ce akwai maganaɗisu a cikinta. Yara suka sha tsawa ba su san laifinsu ba.

A duk Suleja wuri ɗaya na san akwai kwamfutar da talaka zai iya kusanta. Wani shagon buga takardu ne kusa da babbar kasuwa, na wata mata 'yar kudu da kowa yake kira Madam. Asabar ta farko na je babu wuta, na zauna a benci har la'asar na dawo. Asabar ta biyu akwai wuta, amma masu neman aiki a Abuja sun yi layi da takardunsu har bakin kwata. Ina kallon kwanaki suna tafiya, ba abin da zan iya. Asabar ta uku na riga ta zuwa. Ta same ni a ƙofa rungume da ɗankwali, ta ji bayanina, ta girgiza kai, tana mamakin na gama karatu ban taɓa na'urar ba.

"Malam, you don read am finish and you never touch am? Kai! Oya zauna. No fear, ba ya cizo."

Na zauna. Ta sa faifan, tambayoyi suka fito a gilashi. Na ɗora yatsu na buga layin farko da ƙarfin da na saba, har teburin ya amsa.

"Wayyo! Small small! No be tafireta, za ka kashe mini kaya!"

Na sassauta. Daga nan abin ya zo da kansa. Duk abin da na danna a kwali wata da watanni, ga shi yana faruwa a gaban idona. Na buga wasiƙa, na tsara jadawali. Tambaya ta ƙarshe ita ce in rubuta wa na'urar umarnin da zai sa ta jera sunaye bi da bi. Na rubuta layi bayan layi daga hadda, na ba ta sunayen mutanen gidana a hargitse, na danna. Ta yi shiru kaɗan, sai ga su sun fito a jere, kowa a inda ya dace. Wallahi sai da idona ya ciko. Na ba abu umarni ya bi, ni da rabin rayuwata umarnin wasu nake bugawa. Na adana aikin a faifai yadda aka ce. Madam ta zare shi ta miƙo mini da hannu biyu.

"You sabi this thing o. In ka samu satifiket ka zo, ina neman mutum."

Na koma Kwamba a ƙafa, ban ma ji nisan ba.

Ran Litinin na tafi da faifan ofis don in yi masa aike na mutunci. Na buga wasiƙar rakiya a tafiretata, da lambar ɗalibi da komai, ba gyara ko ɗaya. Na duba wasiƙa, na duba faifai. Tafiya ce har Legas, hannu nawa za su bi, kuma in suka buɗe ambulan faifan ya zame ya haɗu da na wasu, wa zai san nawa ne? Ban yi wani dogon tunani ba, gaskiya ban yi tunani ba sam. Na ɗora faifan a kan wasiƙar, na daidaita kusurwa, na jawo abin huda takarda. Inci ɗaya daga sama, inci ɗaya daga gefe. Ya ƙi hudawa. Na miƙe tsaye na danna da hannu biyu, na sa nauyina, sai na ji ƙas. Wani ɗan zagaye ya faɗo a tebur, baƙi, da wani abu mai sheƙi a tsakiyarsa. Na share shi da gefen hannu ya faɗa kwandon shara. Na zura koren zare na ɗaure. Ban lanƙwasa ba, ban sa a rana ba, ban taɓa inda aka hana ba. Na kai gidan waya ina jin cewa da tsohon maigidana na Kaduna zai gani, ranar da ya yi murmushi.

Sai jira. Duk Asabar ina gidan waya, har ma'aikacin ya daina tambayata, da ya hango ni sai ya girgiza kai. Samarin nan biyu suka kawo nasu satifiket aka sa a fayil. Saura mako uku shekara ta ƙare ambulan ɗin ta iso. Tun a hannu na ji ba daidai ba, don takardar shaida ba ta da tauri haka. Na buɗe a tsaye a barandar gidan waya. Faifaina ne da wasiƙata, a ɗaure yadda na aika su, da wata 'yar takarda mai layi biyu. Ta ce faifan ya lalace ba a iya karanta shi ba, kuma jarrabawa ta gaba sai baɗi.

Na hau acaɓa zuwa shagon Madam. Ta karɓa, ta ɗaga shi sama wajen haske, sai na ga idonta ta cikin hudar yana kallona.

"Who do this one?"

Na ce ni ne.

Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo wani mataccen faifai daga durowa ta yage rigarsa, ta nuna mini abin da yake ciki. Wani zagayayyen abu ne mai laushi, ya cika rigar har kusan gefe, kuma a jikinsa rubutun yake. Ni da na ɗauka kusurwar fanko ce kamar gefen takarda. Littafi na uku ya ce faifai yana juyawa, na haddace wannan layin, matata shaida ce. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina mene ne yake juyawar ba. Na roƙe ta ta gwada. Ta kwance zaren ta sa shi, na'urar ta yi gurnani sau biyu, ta yi maza ta zare. Na ce ko aikin ya saura a cikin kwamfutarta. Ta ce a faifai kaɗai muka adana. Na ce in sake yi a sabon faifai. Ta ce tambayoyin fa, ai suna cikin wannan. Ta mayar da zaren ta ɗaure yadda ta gan shi ta miƙo mini, tana ta cewa sorry.

Na yi duk abin da mutum yake yi in ya san ba amfani. Na rubuta wa makarantar wasiƙar roƙo. Na bi layin tarho a gidan waya, lambar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ranar da aka ɗauka wata murya ta ce ƙa'ida ce, ta ajiye. Na kwashi littattafaina goma sha biyu da amsoshin da aka yi wa maki na kai wa jami'in kula da ma'aikata. Na ce ya kai ni ɗakin sakatariya yanzu, in zauna gaban na'urar ya gani da idonsa. Ya saurare ni har ƙarshe, mutum ne mai haƙuri. Sannan ya buɗe fayil ya juyo mini da sanarwar.

"Malam, kai ka buga ta. Ina aka ce iyawa? Satifiket aka ce."

Duk rayuwata abin da takarda ta ce nake bi, kuma na sha mayar da mutane da wannan maganar. Na tattara littattafaina na ce na gode.

A gida matata ta karanta 'yar takardar, ta sake karanta gargaɗin nan huɗu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, a ciki akwai huda?"

Na ce babu.

"To Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya rubuta."

Na so in taya ta, don na kwana biyu ina neman wanda zan ɗora wa. Amma wanda ya rubuta gargaɗin bai taɓa zama a ofis irin namu ba, ba zai taɓa kawowa a ransa cewa akwai mai yin haka ba. Sabo turken wawa, kuma ni ne a ɗaure a turken. Ta ninke ɗankwalinta ta mayar da rediyo ɗaki. Daga ranar ba ta ƙara ce mini Injiniya ba, telan ma ya daina neman labarai. Wannan shirun nasu ya fi tsokanar ciwo.

Da shekara ta juya aka ɗaga samarin biyu. An kawo sababbin kwamfutoci, an kwashe tafiretoci an zuba a sito. Ba a kore ni ba, an duba inda ya dace da ni. Aka kai ni rajista, can ƙasan bene inda ake ajiye fayiloli. Ranar farko na sami tebur da kujera da damin koren zare, da abin huda takarda a tsakiya. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, sannan na zauna, don akwai bakuna uku a Kwamba da suke jirana. Ban sake jarrabawar ba. Guraben sun cika, kuma ko da ba su cika ba, zuciyata ta mutu a kan abin. Madam ta aiko sau ɗaya ban je ba, kunya ta hana ni. A wannan teburin na yi ritaya, ina huda.

Da na gama ba autata labarin ta daina dariya. Ta ce in nuna mata. Na ciro faifan daga ƙasan akwatin uwarta. Ta juya shi gaba da baya, ta ɗaga wajen haske kamar yadda Madam ta yi.

"Baba, me ka rubuta a ciki?"

Na ce sunayen yayyenta ne a jere, da na uwarsu. Ita ba a haife ta ba lokacin. Na tambaye ta ko cikin malamanta na nesa akwai wanda zai iya karanto abin da ya saura, in dai san ko na ci ko na faɗi. Ta ce ko babu huda, na'urar da take karɓar irinsa ta daɗe da ɓacewa. Ta ja zaren a hankali da yatsa don ta ga wasiƙar da kyau. Bai saki ba. Wasiƙar ta yi ja, gefenta ya fara cinyewa, amma tana nan manne da faifan, ba wanda ya ɓace wa ɗan'uwansa.